Lambar eGFR da ke kan takardar gwajin ƙoda: tambayoyi da amsoshi

A ɗakin gwajin jini nake aiki, a nan Jos, kuma abin da aikin ya jawo min shi ne wayata ta zama ma'ajiyar takardun asibiti na dangi da maƙwabta. Hoto zai shigo ta WhatsApp a karkace, da inuwar babban yatsa a gefe, a ƙasa an rubuta: "Anti, don Allah duba min, lafiya kuwa?" Takardar da ta fi tayar wa mutane hankali ita ce ta gwajin ƙoda, wanda likitoci ke rubutawa E/U/Cr, wato awon gishirin jini da yuriya da kiriyatinin. Ga tambayoyin da aka fi yi min a kanta. Maganar ta manya ce, daga shekara 18 zuwa sama, don yara nasu lissafin daban ne. Kuma likitan da ya ga mutum ido da ido shi ke da hukunci, ba mai duba hoto a waya ba.

Ƙoda fitsari take yi. Me ya haɗa aikinta da ɗibar jini?

Ƙoda matata ce, wato abin tacewa kamar rariya. A cikin kowace ɗaya akwai ƙananan matatai kusan miliyan guda, kuma su biyun suna tace ruwan jini kimanin lita 180 a rana. Jiki yana sake tsotse kusan duka, lita ɗaya zuwa biyu ce kawai ke fita a fitsari. Abin da likita ke son sani shi ne mililita nawa ake tacewa a minti ɗaya, kuma wannan adadi shi ake kira GFR.

Ana iya auna shi kai tsaye, amma sai an yi wa mutum allurar wani sinadari, a zaunar da shi awoyi ana ɗibar jininsa. Ba aikin kullum ba ne. Don haka aka nemi mai sauƙi. Tsokar jikin mutum tana fitar da wani datti mai suna kiriyatinin, kusan adadi ɗaya kowace rana, ƙoda kuma ita ke kwashe shi. Idan kwatar gida ta toshe ba sai ka leƙa cikinta ba, ruwan da ya taru a tsakar gida zai gaya maka. Haka kiriyatinin yake taruwa a jini idan tacewa ta ragu. Sai a ɗauki adadinsa, a haɗa da shekarun mutum da jinsinsa, a saka cikin wani lissafi, ya ba da eGFR. Ƙaramin harafin e da ke farko yana nufin ƙiyasi ne, ba awo ba. Ku riƙe wannan, don rabin amsoshin da ke ƙasa daga nan suka fito.

Kiriyatinin ɗina yana cikin iyakar da aka buga a gefe, ba a sa masa wata alama ba. Ke nan ƙodata lafiya lau?

Ba lallai ba, kuma a nan aka fi yin kuskure. Iyakar da ake bugawa, wajen 60 zuwa 110 ga maza da 45 zuwa 90 ga mata, ba ta san ko kai wane ne ba. Wasu takardun ma iyaka ɗaya suke bugawa ga kowa.

Ɗauki mutum biyu, duka sakamakonsu 106. Ɗaya saurayi ne ɗan shekara 30 mai dakon buhunan kabeji a kasuwar Farin Gada. Ɗayar kuma tsohuwa ce 'yar shekara 70, siririya, nauyinta bai wuce kilo 50 ba. Idan aka yi lissafi, saurayin zai fito da eGFR kusan 83, tsohuwar kusan 49. Lamba ɗaya a takarda, amma shi jikinsa tsoka ce mai zubar da kiriyatinin da yawa, ita kuwa 'yar tsokar da ta rage mata ba ta fitar da wani abin kirki. Kafin nata ya taru har 106, ƙodarta ta riga ta yi rauni sosai.

Haka ta faru da wata gwaggona. Shekara biyu ana ce mata gwajinta daidai ne, tana ta shan maganin ciwon gwiwa daga kemis, don ba wanda ya ɗauki minti guda ya juya lambar zuwa eGFR. Mutum yana iya rasa kusan rabin aikin ƙodarsa kafin kiriyatinin ya tsallake iyakar da ke kan takarda. Idan takardarka ba ta nuna eGFR ba, ka roƙi likita ko mai gwajin ya lissafa maka.

Wani wuri sun rubuta min 1.2, wani wuri 106. Wane ne ya yi kuskure?

Babu. Mudu ne ya bambanta. Duba abin da ke gaban lambar: masu rubuta mg/dL su ne za su ba ka 1.2, masu rubuta µmol/L, wanda ya fi yawa a ƙasar nan, za su ba ka 106. A ninka na farko da 88.4 a samu na biyu. Na taɓa ganin wanda ya saka 106 a manhajar da ke jiran 1.2, ta nuna masa ƙodarsa ta mutu murus, ya kwana bai runtsa ba.

Zan iya yin lissafin da kaina?

Akwai lissafi fiye da ɗaya. Mafi daɗewa cikin waɗanda aka fi amfani da su shi ne na Cockcroft da Gault, na 1976, kuma ana iya yin sa da biro: a cire shekarun mutum daga 140, a ninka da nauyinsa na kilo, a ninka da 1.23 in namiji ne ko 1.04 in mace ce, a raba da kiriyatinin na µmol/L. Tsohuwar da muka ambata, 70 sau 50 sau 1.04, a raba da 106, ya ba da 34. Har yau masu haɗa magani suna amfani da shi wajen tsayar da adadin wasu magunguna, musamman ga tsofaffi da marasa nauyi.

Daga baya aka samu MDRD a 1999, sai CKD-EPI a 2009, wanda aka sake wa fasali a 2021. Waɗannan ba na biro ba ne, sai manhaja ko kwamfutar ɗakin gwaji. Ba sa neman nauyi, don an daidaita amsarsu a kan jikin mutum matsakaici, shi ya sa za ka ga an rubuta 1.73m² a gefen lambar. Kada ka yi mamaki in lissafi biyu suka ba da amsa biyu, kamar 49 da 34 na tsohuwar nan. Ba abu ɗaya suke aunawa daidai wa daida ba, kuma ga ƙaramin jiki irin nata tazarar takan yi faɗi.

Manhajar da na samu tana tambayar ko ni baƙar fata ne. In danna?

Kada ka danna. Mafi kyau ma ka nemi wadda ba ta tambaya, ita ce ta 2021.

Tsofaffin lissafin an gina su ne a kan marasa lafiya a Amurka, inda aka lura baƙaƙen fatar can kiriyatinin ɗinsu ya ɗan ɗara na sauran. Sai aka ce duk baƙar fata a ninka amsarsa da 1.21 a MDRD, ko 1.159 a CKD-EPI na 2009. Ga abin da hakan ke yi: a lissafin 2009 mai eGFR 52 zai koma 60, iyakar da ƙasa da ita ake fara zargin ciwon ƙoda, a ce masa ya tsallake, ya tafi gida. Binciken da aka yi a ƙasashen Afirka ya nuna wannan ƙarin bai dace da mutanen nan ba, yana sa ƙoda ta fito kamar ta fi yadda take lafiya. A can Amurkan ma a 2021 manyan ƙungiyoyin likitocin ƙoda suka ce a cire shi. Wani babban bincike da aka yi a Malawi da Uganda da Afirka ta Kudu, aka wallafa a 2022, ya nuna ko an cire ƙarin, lissafin kiriyatinin yakan yi wa ɗan Afirka alfarma, ya ba shi lambar da ta fi ta gaskiya. Ni dai idan na ga 62 ga mai hawan jini na shekara goma, ba na cewa an tsira.

To nawa ne mai kyau, nawa ne abin damuwa?

An kasa shi mataki biyar. Daga 90 zuwa sama mataki na 1 ne, 60 zuwa 89 na 2. Waɗannan biyun ba a kiran su ciwon ƙoda sai in akwai wata shaida daban, kamar furotin ko jini a fitsari, ko hoto ya nuna wani lahani. Mataki na 3 an raba shi biyu, 45 zuwa 59 da kuma 30 zuwa 44. Na 4 shi ne 15 zuwa 29. Ƙasa da 15 shi ne na 5, inda ake cewa ƙoda ta gaza.

Shekaru ma suna cin nasu. Bayan arba'in, lambar takan ragu da kusan maki ɗaya a shekara ko mutum lafiyarsa ƙalau. Dattijo ɗan 80 mai 58 da fitsari mai tsabta ba ɗaya yake da matashi ɗan 35 mai 58 ba. Na biyun ne zai hana likita sukuni.

An ce nawa 55 ne. Shi ke nan na kamu?

Ki kwantar da hankalinki tukuna. Sakamako ɗaya ba ya yanke hukunci. Ba a cewa mutum yana da ciwon ƙoda mai ɗorewa sai matsalar ta zauna fiye da wata uku. Abin da aka saba shi ne a maimaita gwajin cikin mako biyu, don a tabbatar ba wani abu ne ke gudu da sauri ba, sannan a sake bayan wata uku, tare da gwajin fitsari.

Ki tuna kuma ƙiyasi ne. Ainihin aikin ƙodar yana iya ɗara lambar ko ya gaza ta da kashi 30 cikin ɗari. Saboda haka idan bara 58 ne, bana 55, wannan ba faɗuwa ba ce. Idan kuwa bara 75 ne, wata shida baya 64, yau 55, to ruwa ba ya tsami banza, a nemi dalili.

Akwai kuma lokacin da lissafin ba ya aiki sam. Mai amai da gudawa, mai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, macen da ta zubar da jini wajen haihuwa, duk ƙodarsu na iya tsayawa cikin kwana ɗaya ko biyu, kiriyatinin kuma sai ya ɗauki lokaci kafin ya taru. Lissafin yana ɗauka lambar a tsaye take, alhali hawa take yi. A nan likita yawan fitsari yake dubawa da yadda kiriyatinin ke canzawa daga yau zuwa gobe. Irin wannan rauni na farat ɗaya sau da yawa yakan warke in an tare shi da wuri.

Me zai iya sa lambar ta yi ƙarya?

Na farko nama. Dafaffen nama da gasasshe suna ɗauke da kiriyatinin nasu, suna shiga jini kai tsaye. Wanda ya kwana a kan tsire ko balangu ya zo gwaji da safe zai iya ganin eGFR ɗinsa ya sauka ba gaira ba dalili. Makon Babbar Sallah kuwa ba lokacin wannan gwaji ba ne, sai in larura ce. Haka masu ɗaga ƙarfe, musamman masu shan garin ƙara tsoka mai kiriyatin: lambarsu takan fito ƙasa alhali ƙodar garau take.

Akasin haka ya fi haɗari, don shi kwantar da hankali yake yi. Wanda ya daɗe a kwance, wanda aka yanke wa ƙafa, mai ciwon hanta da ya rame, duk tsokarsu kaɗan ce, sai lambar ta fito da kyau ƙodar kuwa tana wahala. Masu sikila ma haka: a farkon lalacewa ƙodarsu tacewa take yi fiye da kima, eGFR ya haura 120, fitsari ne kaɗai zai tona asiri. Mai juna biyu kuma ba a yi mata wannan lissafi, don aikin ƙodarta yana ƙaruwa da kusan rabi, kiriyatinin ya sauka. Abin da yake daidai ga wata mace, a wurin mai ciki yana iya zama alamar matsala.

Sai magunguna. Septrin da cimetidine da dolutegravir suna ɗaga kiriyatinin kaɗan ba tare da sun taɓa tacewar ba. Dolutegravir yana cikin ƙwayar nan ta TLD da yawancin masu ɗauke da HIV ke sha. Sai dai a cikin ƙwayar akwai tenofovir, wanda shi kam yana iya cutar da ƙoda da gaske. Bambance su aikin likita ne, kada wanda ke sha ya daina da kansa.

Sai na zo da azumi? Ko in sha ruwa da yawa don ya yi kyau?

Wannan gwajin ba ya buƙatar azumi, sai in an haɗa shi da na suga ko na kitse. A guji nama na awa 12 kafin a zo, a bar motsa jiki mai tsanani, a sha ruwa kamar kullum. A sanyin Jos na hunturu mutane kan wuni ba su kurɓi ruwa ba sai shayi, to kada a zo a bushe. Amma ɗura jarka guda ba zai gyara ƙodar da ta lalace ba. In da hali, a riƙa komawa wuri ɗaya, don injina da sinadaran gwaji suna ɗan bambanta.

Likita ya ce in kawo fitsari kuma. Jinin bai isa ba?

Bai isa ba. Jini yana gaya mana nawa rariya ke tacewa, fitsari yana gaya mana ko ta yage. Lafiyayyar ƙoda ba ta barin furotin ɗin jini mai suna albumin ya zube. Gwajin da ake kira ACR shi ke auna zubar: ƙasa da 3 mg/mmol daidai ne, 3 zuwa 30 an fara, sama da 30 ta yi yawa. Idan takardar mg/g ta rubuta, iyakokin 30 ne da 300. Ga mai ciwon suga, albumin yakan bayyana shekaru kafin eGFR ya motsa, kuma a lokacin ne magani ya fi tasiri. Mai 70 da albumin mai yawa yana iya fin mai 50 da fitsari tsaf shiga haɗari.

Fitsarin farko na safe ya fi. Kada a kawo lokacin al'ada, ko ana zazzaɓi, ko ana fama da ciwon mafitsara. Ɗan tsinken nan da ake tsomawa a fitsari yana da amfani, amma ƙaramar zuba takan wuce shi.

Na ji ana maganar wani gwaji wai sistatin C.

Wani furotin ne da kusan duk ƙwayoyin jiki ke fitarwa, don haka bai damu da tsoka ko tsiren jiya ba. Idan aka haɗa shi da kiriyatinin ƙiyasin ya fi kusa da gaskiya. Yana da tsada, kuma ba ko'ina ake yin sa ba. Ciwon maƙoƙo da magunguna irin su prednisolone suna karkatar da shi. Ana neman sa ne idan akwai dalilin zargin kiriyatinin, ba ga kowa ba.

Yuriya ta hau amma kiriyatinin daidai. Potassium kuma fa?

Yuriya wani datti ne da ƙoda ke kwashewa daga jini. Tana hawa da ƙishirwa, da cin furotin da yawa, da zubar jini a cikin ciki. Ita kaɗai ba ma'aunin ƙoda ba ce. Potassium kuwa, wani gishirin jini da ƙoda ke daidaitawa, ba a wasa da shi. Idan ya kai 6, a ga likita a ranar, don yana iya rikita bugun zuciya. Wani lokaci laifin ɗibar jinin ne, ko kwalbar ta daɗe a ajiye kafin a raba ruwan, amma maimaitawa ce ke tabbatar da hakan, ba zato ba.

Ba na jin ciwon komai. Ya kamata in yi gwajin?

Ciwon ƙoda ba ya sallama. Kumburin ƙafa da fuska, kumfar fitsari, kasala, tashin zuciya, ƙaiƙayi, yawanci sai an yi nisa suke zuwa. Ciwon bayan da mutane ke dafawa su ce ƙoda ce, galibi na tsoka ne ko ƙashi.

Mai hawan jini da mai ciwon suga su yi jini da fitsari aƙalla sau ɗaya a shekara. Haka mai sikila, da mai HIV, da mai ciwon zuciya, da macen da jininta ya hau lokacin ciki, da dattijon da fitsari ke masa wuya, da wanda a gidansu aka taɓa yin wankin ƙoda. Gado yana da hannu a ciki. A 2010 aka gano wasu nau'o'i biyu na ƙwayar halitta mai suna APOL1, waɗanda suka fi yawa a Afirka ta Yamma. Suna ba da kariya daga wani nau'in ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa, amma wanda ya gaje su ta uwa da uba ya fi saurin samun lalacewar ƙoda. Ranar Ƙoda ta Duniya, Alhamis ta biyu a watan Maris, lokaci ne mai sauƙin tunawa ga mai mantuwa.

An ba ni lisinopril, sai eGFR ɗina ya ragu. In daina?

Kada ka daina, ka koma wa wanda ya rubuta maka. Lisinopril da losartan, magungunan hawan jini, suna rage matsin da ke cikin ƙananan matatan, shi ya sa lambar takan ɗan sauka a makonnin farko, kuma wannan sassaucin ne ke kare ƙodar a shekaru masu zuwa. Haka dapagliflozin da empagliflozin, magungunan ciwon suga, suke yi. Likita yakan sake gwaji bayan mako ɗaya ko biyu. Idan kiriyatinin bai hau fiye da kashi 30 cikin ɗari ba, potassium kuma bai tashi ba, yawanci ana ci gaba. Ranar da amai da gudawa suka kama ka kuwa, ka kira likita ka ji ko za ka dakata har ka warke.

Wane magani zan guje wa?

Ibuprofen, diclofenac, piroxicam, da haɗin nan na ciwon jiki da ake ƙulla wa 'yan acaɓa da leburori a leda, ƙwaya huɗu ko biyar ba suna. Sau da yawa biyu daga ciki dangi ɗaya ne, irin mai cutar da ƙoda. Allurar gentamicin ma ba a yin ta yadda aka ga dama. Metformin, maganin ciwon suga, ana rage shi idan eGFR ya sauka ƙasa da 45, a daina ƙasa da 30. Duk inda za a rubuta maka magani, ka faɗi lambarka.

Jiƙe-jiƙen da ake tallatawa da lasifika wai suna wanke ƙoda, ni ban taɓa ganin takardar da suka gyara ba. Waɗanda suka ɓata kam na gani. Ba wanda zai iya gaya maka abin da ke cikin gorar, balle adadinsa.

Zan iya yin azumin Ramadan?

Ya danganta da mataki. Masu mataki na 4 da na 5, da waɗanda lambarsu ke sauka da sauri, likitoci kan ba su shawarar kada su yi. Mai mataki na 3 ya je a duba shi tun cikin Sha'aban, a gyara masa lokutan magani, a sake gwaji bayan an shiga azumin. Ya riƙa rarraba shan ruwa tsakanin buɗa baki da sahur. Hukuncin ramuwa ko ciyarwa kuma na malamai ne, a kai musu abin da likita ya faɗa.

A lamba nawa ake fara wankin ƙoda?

Babu lambar da ita kaɗai ke kai mutum kan inji. Yawanci ana farawa ne idan an sauka ƙasa da 10 kuma jiki ya fara nunawa: amai, ruwa a huhu, potassium da ya ƙi sauka, ruɗewa. Amma ganin likitan ƙoda ba a jira sai lokacin. Wanda ya sauka ƙasa da 30, ko albumin ɗinsa ya yi yawa, ko lambarsa ke gangarowa da sauri, ya nemi a tura shi wurin ƙwararru, kamar na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo. Da yawa daga masu mataki na 3 ba sa taɓa kaiwa ga wanki, muddin an riƙe hawan jini da suga.

Idan za a je, a tafi da duk tsofaffin takardu da kwalayen magungunan da ake sha, har na kemis da na gargajiya. Akwai wani Baba, tsohon direban babbar mota, da ke zuwa mana da littafin rubutu irin na 'yan firamare. Ya ja layi huɗu da biro: kwanan wata, kiriyatinin, eGFR, awon hawan jini. Jikarsa ce ke cike masa. Likitan da ya buɗe littafin nan yakan ga tafiyar shekara shida a shafi ɗaya, kafin ma Baba ya gama gyara zama.